Kwal ɗin Afirka ta Kudu da tashar Richards Bay: tambayoyi da amsoshi

Duk lokacin da aka tashi maganar kwal a Afirka sai ka ji sunan Richards Bay ya fito, kuma tambayoyin da mutane ke yi kusan iri ɗaya ne, wa ke saye, wa ke da tashar, me ya sa ake cewa kasuwar ta faɗi alhali duniya na neman kwal ruwa a jallo. Na tattaro su a nan na amsa ɗaya bayan ɗaya, wasu a gajarce wasu kuma dole sai an ɗan zauna.

Wai ina ne ma Richards Bay ɗin nan?

Gari ne a bakin tekun Indiya, a lardin KwaZulu-Natal, arewa da Durban, tafiyar kamar awa biyu a mota. Kafin shekarun 1970 ɗan ƙauyen masunta ne kawai a bakin wani tafki inda kogin Mhlathuze ke shiga teku. Gwamnatin lokacin ce ta yashe wurin ta mayar da shi tashar jiragen ruwa mai zurfi, aka buɗe a 1976, kuma tun ranar farko kwal ne dalilin gina ta. A cikin babbar tashar akwai ɓangaren da kwal kawai yake yi, shi ne ake kira RBCT, kuma yawancin abin da za mu yi magana a kai a nan shi ne.

To a nan ake haƙo kwal ɗin?

A'a, ko kusa. Mafi yawan kwal ɗin yana can cikin ƙasa a lardin Mpumalanga, yankin eMalahleni da Middelburg da Ermelo, gabas da Johannesburg. Akwai kuma wani babban yanki a Limpopo da ake kira Waterberg, kusa da garin Lephalale, inda kamfanin Exxaro ke da mahaƙar Grootegeluk. Daga Mpumalanga zuwa bakin teku layin dogo ne na kusan kilomita 580, kuma ka riƙe wannan layin a ranka domin kusan duk rigimar a kansa take.

Me ya sa aka kashe maƙudan kuɗi aka gina sabuwar tasha, ba ga Durban ba?

Durban ba za ta iya ɗaukar irin manyan jiragen da ake lodin kwal a cikinsu ba, kuma ta riga ta cika da wasu kayan. Abin da ya tayar da maganar shi ne yarjejeniyar da masu haƙar kwal na ƙasar suka ƙulla da kamfanonin ƙarafa na Japan a farkon shekarun 1970, cewa za su riƙa kai musu kwal na tsawon shekaru, to ka ga dole a samu hanyar fitar da shi da yawa kuma da araha. Sai aka raba aiki, gwamnati ta shimfiɗa dogo ta gina tasha, kamfanonin kwal su kuma suka haɗa kuɗi suka gina wurin lodi. Ana cikin haka rikicin man fetur na 1973 ya zo, ƙasashen Turai suka koma neman kwal don wutar lantarki, kasuwa ta buɗe musu fiye da yadda suka zata. Da tan miliyan 12 a shekara aka fara, aka yi ta faɗaɗawa kashi-kashi har zuwa 2010 da aka kai ƙarfin tan miliyan 91.

Ta gwamnati ce ko ta 'yan kasuwa?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. RBCT ta kamfanonin kwal ce, su ke da hannun jari a ciki, irin su Thungela da Exxaro da Glencore da Seriti da Sasol, kuma kowa yana da kason tan nawa zai iya fitarwa a shekara gwargwadon jarinsa. Amma layin dogon, da kawunan jirgin, da taragun, da ita kanta babbar tashar da ruwanta, duk na Transnet ne, kamfanin gwamnati. Ma'ana kai ɗan kasuwa ka haƙo kayanka, ka wanke, kana da wurin lodinka a bakin teku, mai saye yana jira da dalarsa, amma tsakanin mahaƙarka da wurin lodinka sai abin da Transnet ta ga dama ko ta iya.

Thungela ɗin ma sabon suna ne, a 2021 Anglo American ta ware harkar kwal ɗinta na Afirka ta Kudu ta mayar da shi kamfani mai zaman kansa saboda matsin masu jari da ba sa son a riƙa haɗa su da kwal, a shekarar ne kuma South32 ta sayar wa Seriti nata mahaƙun. Wato manyan na waje suna zamewa, 'yan gida suna karɓa.

Yaya ake yi daga mahaƙa har kwal ya shiga jirgin ruwa?

Da farko ana wanke shi, ba wankin sabulu ba, ana zuba shi ne cikin wani ruwa mai nauyi inda kwal mai kyau ke tasowa sama duwatsu da datti su nutse, da haka ake rage toka a ƙara masa ƙarfin zafi. Daga nan a loda a taragu. A Ermelo ake haɗa su su zama dogon jirgi mai taragu 200, tsawonsa ya haura kilomita biyu, yana ɗauke da sama da tan 16,000 a tafiya ɗaya, kuma da lantarki yake tafiya.

In ya iso tasha ba mutane ne ke sauke lodin ba, akwai wata na'ura da ke kama tarago biyu lokaci guda ta kifa su gaba ɗaya, kwal ya zube ƙasa kan bel mai tafiya, ta mayar da su kan dogo ta jawo na gaba, ba tare da an kwance su daga jikin jirgin ba. Bel ɗin ya kai kwal filin ajiya inda ake tara shi tsibi-tsibi, kowane kamfani da nasa kowane iri da nasa, filin yana iya ɗaukar sama da tan miliyan 8. Ranar da jirgin ruwa ya zo sai wata ƙatuwar na'ura mai bokitai ta riƙa kwasa tana mayarwa kan bel har cikin jirgi. Manyan jiragen da ake kira Capesize suna ɗaukar tan 150,000 ko fiye, ka ga kenan sai an juye wajen jiragen ƙasa tara ko goma kafin a cika guda ɗaya.

Nawa ake fitarwa a shekara?

A 2017 an fitar da tan miliyan 76 da ɗoriya, shi ne mafi yawa da aka taɓa yi. A 2020 kusan miliyan 70. Daga nan fa sai gangara, 2021 miliyan 58.7, 2022 miliyan 50.4, 2023 miliyan 47.2 wanda rabon da a ga ƙasa da haka tun 1992. A 2024 aka ɗan farfaɗo zuwa miliyan 52. Miliyan 91 ɗin nan da ake ta faɗa kuwa ba a taɓa kaiwa ba ko sau ɗaya, a takarda kawai yake.

To me ya jawo faɗuwar? Kwal ne ya ƙare ko masu saye ne suka gudu?

Babu ko ɗaya. Kwal na nan, masu saye na nan, tasha na nan lafiyarta ƙalau tana zaman jiran kaya, jirgin ƙasa ne ba ya zuwa. Rijiya ta bayar guga ya hana kenan. Kuma abubuwa ne suka taru.

Na farko kawunan jirgi. A 2014 Transnet ta ba da kwangilar sayen kawuna 1,064 ga kamfanoni huɗu, biyu na China waɗanda daga baya suka haɗe suka zama CRRC, sai Bombardier da General Electric. Kuɗin kwangilar ya tashi daga kusan rand (kuɗin Afirka ta Kudu) biliyan 38 zuwa sama da biliyan 54, kuma kwamitin bincike na Mai shari'a Raymond Zondo, wanda ya binciki yadda aka wawure kamfanonin gwamnati a zamanin shugaban ƙasa Jacob Zuma, ya gano cewa an karkatar da kuɗaɗe masu yawa zuwa kamfanonin da ke da alaƙa da iyalan Gupta, wasu 'yan kasuwa na kusa da Zuma. To da aka zo gyara ɓarnar sai Transnet ta nufi kotu tana neman a soke kwangilolin, hukumar haraji da babban banki suka riƙe wa kamfanin China kuɗaɗe, shi kuma ya ce shi kenan ba kayan gyara, sai ga sababbin kawunan jirgi da ba su wani tsufa ba an jere su a yadi saboda an rasa ɗan ƙaramin abin da za a canza musu, kuma da yawansu a layin kwal ɗin suke aiki.

Na biyu ɓarayin waya. Tunda da lantarki jirgin ke tafiya, akwai wayar tagulla a samansa tun daga farko har ƙarshe, ga wayoyin sigina a ƙasa. Ɓarayi ƙungiya-ƙungiya suke zuwa da dare su yanke su kai wa masu sayen jari-bola, akwai shekarun da Transnet ta ce an sace mata sama da kilomita 1,000 na waya a faɗin ƙasar cikin shekara ɗaya. Kuma abin haushin, ko mita ɗari aka yanke duk jiragen da ke bayan wurin sun tsaya kenan sai an gyara, in sigina ce ta mutu kuwa sai an koma ba direba izini da baki ta waya, jirgi yana rarrafe.

Na uku rashin gyaran layin kansa, shekara da shekaru ana ɗage aiki saboda bashi ya yi wa kamfanin katutu, shi ya sa jirgi ke yawan sauka daga kan dogo, kuma duk saukar da ya yi sai a rufe layi kwanaki. Ga ramin Overvaal, inda dogon ke ratsa ƙarƙashin tsauni kusa da Ermelo, inda layin biyu ke komawa ɗaya, kowa sai ya jira kowa. A Oktoban 2022 ma'aikatan Transnet suka tafi yajin aiki na kusan mako biyu, a Janairun 2024 kuma jirage biyu na kwal suka yi karo kusa da Richards Bay ɗin.

Ni a ganina na farkon nan shi ne uwar matsalar, domin sata da hatsari ana iya fama da su in akwai kawunan jirgi da kuɗi, amma kuɗin ne aka cinye tun a ofis.

An ce a 2022 farashi ya yi tashin da bai taɓa yi ba, sun ci riba kenan?

Sun ci, sosai ma, amma ba kamar yadda ya kamata ba. Da Rasha ta shiga Ukraine a Fabrairun 2022 Turai ta shiga neman makamashi ko ta halin ƙaƙa, a watan Agusta kuma haramcin sayen kwal ɗin Rasha ya fara aiki a Tarayyar Turai. Kwal ɗin Richards Bay da a 2020 ake sayar da tan ɗinsa ƙasa da dala 100 sai da ya haura dala 400 a watan Maris na 2022. Abin da aka kai Turai daga tashar ya tashi daga tan miliyan 2 da ɗan kai a 2021 zuwa sama da miliyan 14 a 2022. Amma duba adadin da na kawo a sama, a wannan shekarar da kowane tan ya zama zinariya, a ita ce jimillar abin da aka fitar ta ragu da tan miliyan 8. Kamfanoni irin su Thungela sai da suka rage haƙa saboda filin ajiyarsu ya cika ba jirgin da zai kwasa. Ka lissafa tan miliyan 20 da aka saba fitarwa aka kasa, a kan ko dala 200 ne kowane tan, dala biliyan 4 kenan, ga harajin da gwamnati za ta samu a ciki.

Su wa suka fi saye?

Indiya, nesa ba kusa ba, a shekaru da yawa kusan rabin kayan can yake tafiya. Kuma ba don wuta kawai ba, masana'antunsu masu sarrafa tama su mayar da ita ƙarfe ta hanyar gasawa da kwal sun fi son na Afirka ta Kudu saboda ya fi dacewa da tandunansu. Sai Pakistan da kamfanonin simintinta, ko da yake da farashi ya yi tsada a 2022 da yawansu sun koma sayen na Afghanistan da ake kawo musu ta mota. Akwai Koriya ta Kudu, Japan, Taiwan, da wasu ƙasashen Afirka irin su Maroko. Da can fa Turai ce babbar kasuwar, a ƙarshen shekarun 2000 ne abin ya juya zuwa Asiya, zuwan da Turawa suka yi a 2022 na wucin gadi ne, da gas ya sauko suka ja baya.

Wa ke yanke farashi?

Ba mutum ɗaya ba ne. Akwai ma'aunin da ake kira API4, wasu kamfanonin da ke bin diddigin ciniki ne ke fitar da shi, yana nuna farashin tan ɗaya na kwal mai ƙarfin zafi 6,000 (kilokalori a kowane kilo) an loda shi cikin jirgi a Richards Bay, kuɗin jirgin ruwa kuma na mai saye ne. Wanda bai kai wannan ƙarfin ba, kamar mai 5,500 ko 4,800, sai a yi masa ragi daga wancan farashin. Da dala ake cinikin, ma'aikata kuma da rand ake biyansu, shi ya sa in rand ta faɗi masu fitar da kwal ba sa wani baƙin ciki.

In jirgin ƙasa ya gaza me zai hana a ɗauka a mota?

An yi hakan, kuma an ga abin da ya biyo baya. Tirela ɗaya tan 34 take ɗauka ko kusa da haka, wato sai ka jera kusan 500 kafin su yi aikin jirgin ƙasa guda. Kuɗin mota ya ninka na jirgi, don haka sai farashi na sama sosai ake cin riba, da ya sauko ƙananan kamfanoni da yawa suka tsaya. Sannan RBCT ba ta karɓar kaya ta mota sam, ta dogo kawai aka gina ta, don haka motocin sai dai su nufi sauran ɓangarorin tashar da Transnet ke gudanarwa, waɗanda ba a yi su don wannan tururuwar ba. A 2023 layin tireloli a kan hanyar N2 ya kai kilomitoci, direbobi na kwana a mota ba banɗaki ba wurin wanka, mutanen gari ba sa iya wucewa, har hukumar birnin uMhlathuze ta yi barazanar zuwa kotu.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Pongola a Satumbar 2022, inda wata tirelar kwal ta bar hannunta ta yi taho-mu-gama da a-kori-kura ɗauke da 'yan makaranta, mutum 20 suka rasu, 18 daga cikinsu yara ne. Allah ya kyauta. Duk wanda zai yi lissafin asarar da lalacewar dogo ta jawo to ya sa wannan a ciki.

Babu wata tashar ne sai ita?

Akwai Durban tana ɗan fitarwa, akwai kuma Maputo da Matola a Mozambik, waɗanda a gaskiya sun fi kusa da wasu mahaƙun Mpumalanga. Sun samu ciniki sosai a shekarun nan. Amma dukansu in ka haɗa ba su kama ƙafar RBCT ba, ga layin motoci a iyakar Lebombo, ga shi rikicin bayan zaɓen Mozambik a ƙarshen 2024 ya sa an yi ta rufe iyakar.

Ƙasar da ta sha fama da ɗauke wuta, me ya sa take sayar da kwal waje?

Wannan tambayar kullum sai an yi ta. Afirka ta Kudu na haƙo sama da tan miliyan 200 a shekara, abin da ke fita waje bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba ko ɗan sama da haka. Sauran a gida ake ƙonawa, Eskom, kamfanin wutar lantarki na gwamnati, ce ke cinye mafi yawa tunda kusan kashi 80 cikin 100 na wutar ƙasar daga kwal ne, sai Sasol da ke mayar da kwal man fetur da sinadarai a Secunda. Kuma ba iri ɗaya ba ne, tashoshin Eskom an gina su ne su ƙona mai toka da yawa mai araha, wankakken mai tsada shi ke tafiya teku, sau da yawa ma daga rami ɗaya suke fitowa, kuɗin na wajen ne ke sa mahaƙar ta iya sayar wa Eskom da sauƙi. Ɗauke wutar da aka sha, wadda ta fi tsanani a 2023, tsofaffin injina ne da ke lalacewa da sababbin tashoshin Medupi da Kusile da aka yi wa aikin algus, ba Indiya ce ta kwashe musu kwal ba.

Ƙananan masu haƙa fa, suna samun shiga?

Da ƙyar. An ware musu tan miliyan 4 a shekara a tashar ƙarƙashin wani shiri da ake kira Quattro, don baƙaƙen fata masu sababbin kamfanoni su samu ƙofa. Amma takardar kaso ba ta ɗaukar kaya, in taragu sun yi ƙaranci wanda ba shi da wurin lodin jirgi na kansa shi ke fara shan wahala, ƙarshe ya sayar wa babban kamfani ko dillali a bakin rami da farashin da suka ga dama.

Mutanen da ke zaune a wuraren fa?

Kusan mutum 90,000 ke aiki a mahaƙun kwal, ban da direbobi da masu sayar da abinci da duk wanda ke ci daga jikinsu, shi ya sa ƙungiyoyin ƙwadago ba sa son jin maganar rufewa. A ɗaya hannun kuma iskar yankin Highveld, inda mahaƙun Mpumalanga suke, tana cikin mafi ƙazanta a duniya, a Maris 2022 babbar kotu a Pretoria ta yanke hukuncin cewa gurɓatar iskar ta take haƙƙin da tsarin mulki ya ba mazauna wurin. A Richards Bay ma mutane na kukan ƙurar kwal, musamman tun da aka fara jibge shi a filayen da ba a tanada don haka ba.

A duniya wane matsayi Afirka ta Kudu take wajen fitar da kwal?

Tana cikin manya amma ba ta gaba-gaba ba. Indonesiya ce ta ɗaya, ta haura tan miliyan 500 a 2023, sai Ostireliya, sai Rasha. Tashar Newcastle ta Ostireliya ita kaɗai tana fitar da ninki biyu ko fiye na abin da Richards Bay ke fitarwa yanzu.

Mu ma ai muna da kwal a Najeriya da Nijar, me ya hana mu yin irin wannan?

Ai an taɓa yi. Fatakwal kanta saboda kwal Turawan mulkin mallaka suka kafa ta, bayan an gano shi a Udi kusa da Inugu a 1909, suka ja dogo daga can zuwa bakin ruwa aka fara kai kaya a 1916. Da aka samu fetur, jiragen ƙasa suka koma dizal, yaƙin basasa ya zo, sai harkar ta durƙushe. Yanzu abin da ake haƙa, kamar na Maiganga a Gombe da na Kogi, kamfanonin siminti ne ke ƙonawa a gida. A Nijar kuwa kamfanin SONICHAR na haƙa a yankin Tchirozérine tana ba Agadez da mahaƙun yuraniyom wuta, daga can zuwa teku kuwa ba a ma fara maganar ba. Kwal kaya ne mai nauyi mai arha, in babu dogo mai ɗaukar dubban tan a tafiya ɗaya kuɗin mota zai cinye ribar tun kafin a hango ruwa.

Ana gyarawa kuwa, ko an bar shi ya mutu tunda duniya na gudun kwal?

Ana yi, a hankali. Kamfanonin kwal da kansu suka sa hannu a aljihu suka ɗauki masu gadi da jirage marasa matuƙi suna sintiri a layin, suka kuma taimaka wajen sayo batura da wasu kayan gyaran kawunan jirgi, abin da a ƙa'ida ba aikinsu ba ne. Gwamnati ta tsaya wa Transnet ta ci bashi, an canza shugabanninta, sannan an raba mai kula da dogo daban mai tuƙa jirgi daban don 'yan kasuwa su iya sa nasu jiragen su biya kuɗin hanya. A Agustan 2025 ministar sufuri Barbara Creecy ta sanar da cewa kamfanoni 11 sun cika sharuɗɗan shiga, kuma layin kwal na cikin hanyoyin da aka buɗe.

Maganar gudun kwal kuwa gaskiya ce amma a Turai ta fi ƙarfi. A taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 ƙasashe masu kuɗi sun yi wa Afirka ta Kudu alkawarin dala biliyan 8.5 don ta rage dogaro da kwal, an kuma rufe tashar wuta ta Komati a 2022, sai dai wannan duk maganar wutar cikin gida ce, bai hana jirgi lodi zuwa Indiya ba. Abin da ya fi damun masu harkar shi ne mahaƙun Mpumalanga sun fara tsufa, bankuna ba sa son ba da bashin buɗe sababbi, kwal mai yawan da ya rage yana Waterberg, can kuma ga nisa ga ƙarancin ruwa, layin dogon da ya haɗa shi da na Ermelo ƙarami ne ba ya ɗaukar kaya da yawa. Botswana ma tana da kwal jibge tana son a ja mata layi daga Mmamabula zuwa Lephalale don ta samu hanyar teku, an daɗe ana zama a kan maganar.